Nasiha Ga Sabon Sakataren Jam'iyya, Daga Rayuwar Balarabe Musa

 Ɗana, labari ya iso mana cewa an zaɓe ka sakataren jam'iyyarku na ƙaramar hukuma. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka sauka da mutuncinka kamar yadda ka hau da shi. Na san tun daga ranar wayarka ba ta huta ba. Akwai masu taya murna tsakani da Allah, akwai masu taya murnar kama wuri, kuma a 'yan kwanakin nan da wuya ka iya rarrabe su. Ni dai ka san ba kwangila nake nema a wurinka ba, shekaruna kuma sun wuce na neman kansila. Saboda haka ka ba ni aron hankalinka.

Akwai mutumin da nake so ka sani fiye da sanin shanu, wato marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, Allah ya jiƙansa. Ku 'yan baya abin da kuka riska a kansa bai wuce biyu ba. Kun san dattijon nan da 'yan jarida ke zuwa gidansa a Kaduna duk lokacin da suke neman wanda zai faɗa wa gwamnati gaskiya ba tare da ya tauna ba, kun kuma san abin da ake tambaya a jarrabawa, cewa shi ne gwamnan farko da majalisa ta tsige a Nijeriya. Masu yabonsa sukan tsaya a kan gaskiyarsa, masu kushe shi su tsaya a kan taurin kansa. Kai da aka damƙa wa alƙalamin jam'iyya, abin da ya kamata ya dame ka daban ne: yaya aka yi mutumin da talakawa suka zaɓa da hannunsu ya kasa cika shekara 2 a kan kujera, kuma me ya yi da sauran shekaru 39 da Allah ya ara masa bayan nan?

An haife shi a Kaya, cikin ƙasar Giwa ta Zazzau, a 1936. Ya yi Midil ta Zariya, ya fara aiki yana akawu, ya koyar a makaranta, sannan ya karanci aikin akanta ya daɗe yana yin sa, har a gidan rediyo da talabijin na Arewa da ke Kaduna. Siyasa kuwa tun yana saurayi ya shige ta, ta ƙofar jam'iyyar NEPU, a zamanin da riƙe katin jam'iyyar kan iya jawo wa mutum kwana a gidan yarin En'e ko bulala a gaban alƙali. Sai da ya kai shekara 43 ya hau kujerar gwamna, kuma ya hau ta da sana'a a hannunsa. Da aka sauke shi, gona ya koma. Shi ya sa ba wanda ya iya kama shi ta ciki. Na ji an ce kana tunanin rufe shagonka don ka ba siyasa lokaci. Kada ka soma. Ranar da cefanen gidanka ya koma hannun ciyaman ko wani uban gida, ranar ce za a miƙo maka takardar da ka san ƙarya ce a ce ka sa hannu, ka tuna kuɗin makarantar yara, ka sa.

Yanzu ka nutsu, don nan ne maganar take. Zaɓen 1979 daki-daki aka yi shi, Asabar bayan Asabar. Ran 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan majalisun jihohi, ran 28 aka zaɓi gwamnoni. Jihar Kaduna ta lokacin ba irin ta yau ba ce, ta kama tun daga Daura da Katsina da Funtuwa har Kafanchan, don sai a 1987 aka cire Katsina. Majalisarta kujera 99 ce. NPN, mai alamar gida da masara, ta kwashe 64. PRP, mai alamar mabuɗi, jam'iyyar Malam Aminu Kano da Balarabe, ta tashi da 16. Ragowar suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Mako ɗaya bayan haka, magoya bayan ƙananan jam'iyyun nan, ganin NPN na neman lashe komai, suka tattara ƙuri'unsu wuri ɗaya, Balarabe ya kayar da Alhaji Lawal Kaita. Gari ya ɗauka da "Nasara! Nasara!" Wanda ya iya lissafi kuwa bai yi barci mai daɗi ba a daren. Tsarin mulki ya ce kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya tsige gwamna. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Abokan hamayya suna da 64. Tun kafin a rantsar da shi ran 1 ga Oktoba, mutum biyu kacal ke tsakaninsa da ƙofar fita. An ba shi doki ne, linzami yana hannun wasu.

Duk da haka ya yi abin da ba za a manta ba. Shi da takwaransa na Kano, Alhaji Abubakar Rimi, suka soke haraji da jangali. Kai ba ka san haraji ba, don haka ba za ka gane nauyin maganar ba sai na zana maka. Da kaka ta yi, sai mai unguwa ya fito da takardar sunaye, dogari na biye da shi. Kowane namiji baligi sai ya biya, ko gonarsa ta yi ko fari ya cinye ta. Magidanci ya buɗe rumbu ya sayar da hatsin da zai ci da bazara, a lokacin da hatsi ya fi arha don kowa na sayarwa, ko matarsa ta fitar da akuyarta. Wanda ya rasa yakan shiga daji tun asuba, ko ya tafi ci-rani ba shiri, wanda aka kama kuma a zaunar da shi cikin rana a ƙofar gidan dagaci a gaban 'ya'yansa. Takardar shaidar biya kuwa a cikin hula ko laya ake ajiye ta, don ana iya tare ka a hanyar kasuwa a ce ka nuna. Bafulatani shi ma da ya ji masu ƙidayar jangali sun doso, sai ya kora rabin garke cikin ƙurmi. Wannan ne abin da 'yan NEPU suka yi kusan shekara 30 suna kuka a kansa, kuma aka kawar da shi cikin farkon mulkin gwamnonin nan biyu. Ya kafa hukumar binciken filaye don sauraron talakawan da aka ƙwace wa gonaki, ya kuma ɗauko shirin kafa masana'antu a ƙananan hukumomi, irin ta sarrafa tumatir a Ikara. Duk wanda ya ce maka mulkinsa rigima ce kawai, bai tambayi manomi ba.

Amma rigimar ta kasance, kuma ita ta cinye shi. Doka ta ce gwamna ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta amince. Ya aika wa majalisa sunaye a zauren Lugard, suka mayar masa. Ya sake aikawa, suka sake mayarwa. Su suna ganin tunda su ke da rinjaye, dole a dama da su a gwamnati. Shi kuma yana ganin jama'a sun zaɓe shi ne don ya rushe irin mulkin da NPN ke wakilta, ba zai shigo da su ta taga ba bayan an kore su ta ƙofa. Haka ya yi mulkinsa gaba ɗaya ba kwamishina ko ɗaya, yana aiki da manyan sakatarori da masu ba shi shawara irin su Dakta Yusufu Bala Usman. Kowace rana kuma da ya gudanar da gwamnati a hakan, sai ta ƙara wa masu neman laifinsa abin rubutawa, cewa ga abin da ya yi ba da iznin majalisa ba. Ran 23 ga Yuni 1981, majalisar da Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ke shugabanta ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Wata 20 da mako 3 ke nan. Ya je kotu, kotu ta ce sashe na 170 na tsarin mulkin lokacin ya ɗaure mata hannu, ba ta da hurumin shiga.

In ka tambaye ni, an zalunce shi. Ba don ya ci kuɗin jama'a aka cire shi ba, ko maƙiyansa ba su iya nuna gidan da ya gina da dukiyar gwamnati ba. An cire shi ne don ana da yawan da za a cire shi. Sai dai ina so ka kalli wani abu da ya faru a Legas a daidai wannan lokaci. Alhaji Shehu Shagari shi ma bai sami rinjaye a majalisar tarayya ba. Me ya yi? Ya ƙulla yarjejeniya da NPP, ya ba su kujerun minista, aka bar musu shugabancin majalisar wakilai. Auren bai kai shekara 2 ba ya mutu, amma ya ba shi damar kafa gwamnati da wucewa da kasafin kuɗi har ya tsaya da ƙafarsa. Ba ina cewa da Balarabe ya raba baitulmali da abokan hamayya ba ne; da ya yi haka da yau ba ma maganarsa. Ina cewa tsakanin sayar da aƙida da ƙin gaisawa akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ake yin siyasa. Mutum 35 ne ba 'yan NPN ba a majalisar. Riƙe 34 daga cikinsu ya isa ya hana tsigewa. Wannan aiki ne na zuwa suna da jana'iza, da sauraron ƙorafin ɗan majalisar da ke ganin an raina shi, da sanin wane ne bashi ya yi wa katutu kafin wasu su riga ka sani. Gwamna ba shi da lokacin wannan duka. Aikin jam'iyya ne, wato aikin irinku.

Kada a ɗora wa PRP ta wancan lokaci laifin da ya fi ƙarfinta. A 1978 aka kafa ta, ba ta cika shekara ba aka shiga zaɓe, ba ta da attajirai, ba ta da sarakuna. Ku kuwa ba ku da wannan uzuri, amma ina ganin kuna maimaita abin. Duk hankalinku na kan gwamna da shugaban ƙasa. Takarar majalisar jiha kun mai da ita ladar biyayya, a ba yaron wane don ya daɗe yana riƙe wa mai gida jaka, ko a ba wanda ya faɗi wata takarar don a share masa hawaye. Majalisar Kaduna ta yau kujera 34 ce, mutum 23 sun isa su sauke gwamna. Dokar ta ɗan canza, yanzu babban jojin jiha ne ke kafa kwamitin bincike na mutum 7, kuma tun da kotu ta mayar da Rashidi Ladoja na Oyo kan kujerarsa a 2006, bayan 'yan majalisa 18 cikin 32 sun yi gaban kansu, an san alƙalai na iya shiga in aka tsallake ƙa'ida. Amma in an bi ƙa'idar, lissafin bai canza ba. Ranar da za ku zauna fid da ɗan takarar majalisa daga yankinku, ka tambayi kanka ko mutumin nan zai iya cin akwatin ƙofar gidansu, kuma in an kira shi cikin dare an buɗe masa jaka, zai iya juya baya.

Akwai abin da ya fi rashin rinjaye muni, kuma shi na fi so ka riƙe. A lokacin da Balarabe ya fi bukatar jam'iyyarsa, jam'iyyar a rabe take. Gwamnonin da ba na NPN ba, su 9 da farko, sun riƙa yin taro a tsakaninsu. Shugabannin PRP suka hana gwamnoninsu biyu zuwa, suna ganin taron yi wa Cif Awolowo aiki ne. Gwamnonin suka ƙi bari, suna ganin wasu na kusa da Malam na jan jam'iyyar zuwa gindin NPN. Aka fara da gargaɗi, aka koma dakatarwa, aka kai ga kora a 1980. Ɓangaren gwamnoni suka ɗauki tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu ya zama shugabansu, aka sami 'yan santsi da 'yan taɓo. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa, aka shiga yi wa juna waƙa da habaici a dandali. Ko a yau in ka zauna da tsofaffin ɓangarorin biyu, kowa zai kawo maka hujjar da za ka gyaɗa kai. Amma ka dubi inda aka kwana. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Abubakar Rimi ya ajiye kujera ya koma NPP, ya faɗi zaɓen gwamna na wannan shekarar a hannun Sabo Bakin Zuwo. A Kaduna, Lawal Kaita da aka kayar a 1979 ya ci zaɓe. Wata 3 bayan rantsar da su, soja suka share kowa. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya kai ka cikin wannan? Takardar dakatarwa da ta kora, sakatare ke rubuta su. Ba za ka yi wata 6 ba sai an tara ku a ofis, ana fifita da jarida don ba wuta, wani ya miƙe ya ce wane ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa, an gan shi a gidan ɗan hamayya, a kore shi yau. Kowa zai ce haka ne, don mai gida ya riga ya nuna inda ya karkata. Duk idanu za su dawo kanka da alƙalaminka. A nan nake roƙonka ka zama mai nauyin hannu. Ka ce kundin jam'iyya ya ce a kira mutum a ji ta bakinsa, a rubuta masa, a ba shi kwanaki. Za a ce kana jan ƙafa. Ja. Sau da yawa a cikin kwanakin nan zuciya kan sauka, a gano ta'aziyya ya je, ko kuwa an hana shi haƙƙinsa ne ya yi fushi. Wanda kuka kora ba shi kaɗai yake fita ba, yana fita da matansa da surukansa da rabin layinsu, ya kuma tafi da sirrinku. In kuma laifin ya tabbata, a hukunta shi da takarda mai tsabta, ba zagi ba gori, yadda in Allah ya kawo ranar sulhu ba za a rasa bakin magana ba.

Tunda na ambaci takarda, bari in ƙara. Kwana 17 bayan tsige Balarabe, ran 10 ga Yuli 1981, Kano ta kama da wuta a kan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Abubakar Rimi shawara kan siyasa, malami mai ilimi da ƙuruciyarsa. Waɗanda suka yi kisan ba su da uzuri a wurin Allah. Amma tun daga ranar na san rubutun ofis na iya zama ajalin wani. Ku yanzu ba ma sai an buga a keken rubutu ba, yaro na kwance a ɗaki zai sa abu a Facebook da sunan jam'iyya, kafin la'asar an fasa wa wani kai a kasuwa. Sojojin baka da 'yan jagaliya za su zo suna yi maka kirari, suna cewa a ba su aiki. Duk wanda ka saya wa abin maye don ya tare maka akwati, ka sani ba ranar zaɓe kaɗai zai sha ba, kuma ya san hanyar gidanka.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce za a fara gwada ka da ita. Ranar zaɓe, wakilin jam'iyya na zaune a gindin dalbejiya a harabar firamare tun 8 na safe. Rana ta take, bai karya ba. An ce an fitar da kuɗin wakilai daga jiha, amma sun maƙale a aljihun wani tsakanin hedikwata da mazaɓa. Can da la'asar wakilin ɗaya jam'iyyar ya buɗe kular shinkafa ya ce bismilla, ya ƙara masa da ɗan abin sayen kati. Magariba ta yi, ana ƙirga da fitilar waya, naku ya tafi salla bai dawo ba, ko ya dawo ya sa hannu a takardar sakamako bai karanta ba. Gobe ku cika gidan rediyo da kukan an yi muku maguɗi, lauya ya ce ku kawo kwafin takardar sakamako ta EC8A ta kowace rumfa, ku rasa. Wanda ya ci kuɗin wakilan nan shi ya kayar da ku, kuma yawanci yana cikin masu kukan. Balarabe akanta ne, ya san abin da ba a rubuta ba ya ɓata. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk abin da ya shigo, ko buhun taliya ne ko turmin atamfa, ka rubuta wanda ya kawo, da wanda ya karɓa, ya sa hannu ko ya dangwala. Za su yi maka dariya, su ce ka cika boko. Ranar da aka fara nuna yatsa, littafin ne kaɗai zai tsaya maka.

Haka rajistar 'yan jam'iyya. Na san yadda ake yi da ita: a ɓoye ta a gidan wani babba, daren zaɓen fid da gwani a cika ta da sunayen da ba su san an rubuta su ba, a fitar da daliget daga aljihu, a kira abin maslaha. 'Yan NEPU da kuɗin guminsu suke sayen kati, shi ya sa ɗan tireda da mai faskare ke iya miƙewa a taro su ja da shugaba, don jam'iyyar tasu ce. Yau mutum ɗaya ke biyan hayar ofis da kuɗin mota da na shayi, saboda haka in ya yi tari kowa sai ya ce lafiya, in ya sauya sheƙa a wayi gari an sake fentin ofis. Ba za ka gyara wannan kai kaɗai ba. Amma rajistar da ke hannunka kana iya sa ta zama ta gaskiya, mazaɓa bayan mazaɓa, mutum da sunansa da rumfarsa.

Bayan tsigewa Balarabe bai sake riƙe kujerar gwamnati ba har ya koma ga Allah. Dubi 'yan siyasar da ka sani, nawa ne suka yi jam'iyya uku cikin shekara 10? Shi da aka dawo mulkin farar hula, PRP ɗin dai ya sake ɗagawa, ya shugabance ta, ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 2003 yana sane ba ci zai yi ba. Ya jagoranci CNPP, gamayyar jam'iyyun da ke sa wa gwamnati ido. Gwamnatoci suka zo suka wuce, na soja da na farar hula, ba wadda ta ji daɗin bakinsa, ba kuma wadda ta iya cewa ga abin da ya karɓa. A 2018 ya sauka daga shugabancin jam'iyyar saboda jiki, Alhaji Falalu Bello ya karɓa. A Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74, PRP na cikin 18 da suka tsira. Ya rasu ran 11 ga Nuwamba na wannan shekarar yana da shekara 84, waɗanda ya yi ta suka da baki suka zo suka yi masa salla.

Ba zan ɓoye maka ba, ko a nan akwai abin dubawa. Jam'iyyar da ya riƙe da amana ta tsufa tare da shi. Mutane na girmama ta, ba sa zaɓen ta. Matasan da suka taso suna jin sunansa ba su tarar da ofis a mazaɓarsu da za su shiga ba, sai suka bi inda ake rabo. Gaskiyar mutum ɗaya, komai yawanta, ba ta tsayawa wakilci a rumfuna dubu. Da an sami sakatarori ɗari masu irin tsabtar hannunsa, kowa na riƙe da rajistar gaskiya a ƙaramar hukumarsa, yana renon yara biyu-uku da za su gaje shi, da labarin ya bambanta. Saboda haka tun yau ka duba cikin samari da 'yan matan da ke share muku ofis suna jera kujeru, ka ɗauki masu hankali ka koya musu rubuta bayanin taro da karanta takardar sakamako. Matan jam'iyya kuma kada a tuna da su sai ranar guɗa da rabon atamfa, su ne ke tsayuwa a layi tun safe in maza sun tafi majalisar shayi.

Abu ɗaya nake so ka yi kafin makon nan ya fita. Wanda kuka nemi kujerar nan tare ya faɗi, an ce tun ranar bai leƙo ofis ba, kuma mutanen ɗaya ɓangaren sun fara kai masa gaisuwa. Ka je gidansa bayan isha'i, kai kaɗai, ba 'yan rakiya ba mai ɗaukar hoto. Ka zauna a tabarmarsa, ka bar shi ya faɗi duk abin da ke cikinsa ko da kai zai zaga, sannan ka roƙe shi ya riƙe muku aikin rajista na mazaɓun da ya fi ka sani. In ka dawo ka kira ni in ji yadda kuka yi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.